Notin Bamba da Tsatsar da Ta Zo Mana Daga Ƙasashen Ƙanƙara

A garejin gyaran jikin mota, canza bamba aiki ne da maigida kan bar wa yaro, don a ido bai wuce a kwance 'yan notuna a sauke tsohuwa a ɗora sabuwa ba. Amma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san noti ɗaya da tsatsa ta kama yana iya cinye wuni guda. Har yau abin da hannun mafi yawanmu ke fara kai wa gare shi wutar walda ce da guduma, kuma wannan ɗabi'a tana da tarihi. An koye ta a kan wasu motoci, a wani zamani, kuma a lokacin daidai ce. Motocin sun canza tun tuni, ɗabi'ar ce ba ta canza ba, kuma yanzu ɓarnarta ta fi amfaninta.

Iyayen gidanmu sun goge ne a kan Land Rover da Bedford, sannan Peugeot 404 da 504, musamman bayan da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Bambar waɗannan motoci ƙarfe ce tsantsa, an ɗaure ta da manyan notuna da ido ke gani, sifana na kama su ta gaba da ta baya. Motar kuma sabuwa take shigowa hannun mai ita, ta tsufa a busasshiyar ƙasa inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba. Tsatsar da take yi ta sama-sama ce, sau da yawa ma laka ce da ƙura suka daskare a zaren noti. A irin wannan hali babu abin da ya fi wuta sauri: a gasa macen notin ta buɗe kaɗan, a buga, a murɗa. Babu roba a kusa da za ta narke, babu wayar da za ta ƙone. In ma notin ya karye, a fitar da guntun ta baya a zura wani. Babbar matsalar wancan lokaci ita ce girman kai da zare, domin motocin Ingila sun daɗe da ma'aunin inci, gadon tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, na Faransa da Jamus kuwa da milimita suke.

Abin da ya juya sana'ar shi ne faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake lodi a tashar Antwerp ta Beljiyam a sauke a Kwatano ko Legas. Daga baya na Amurka da Kanada suka biyo, da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora, da gabansu a daddauje, wanda ya sa canza bamba ya zama aikin farko da ake yi musu. Waɗannan motoci sun zo da wata tsatsa da ba mu saba da ita ba. A ƙasashen ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ita. Jihar New Hampshire ta Amurka ta soma hakan tun wajen 1940, kuma yau ƙasar na zuba miliyoyin tan kowane hunturu. Ruwan gishirin yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shige tsakanin haƙoran noti, ya zauna shekara da shekaru. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, don haka tana kumbura a cikin zaren ta matse shi gam. A lokaci guda tana cin jikin notin yana sirancewa, tana cin kansa har sifana mai lamba 13 ta riƙa zamewa a inda da take zama daram. Notin da ya fi kowanne kamewa shi ne kuma ya fi kowanne saurin karyewa.

Ita ma bambar ba ta tsaya yadda take ba. A 1973 Amurka ta wajabta cewa bambar gaba ta jure karo na gudun mil 5 a awa ba tare da fitilu da sauran kayan kariya sun lalace ba, kuma tun 1972 Renault 5 ta fito da bambar roba a Faransa. Abin da muke kira bamba a yau murfin roba ne kawai. A bayansa akwai soso mai tauri, sannan doguwar sandar ƙarfe ko alminiyam da aka ɗaure a bakin shasi, kuma ita ce ke karɓar duka. Macen notin da ke riƙe da sandar sau da yawa an yi mata walda ne a cikin ramin shasin, inda hannu ba ya shiga. Idan aka saka dogon bututu a sifana aka danna da ƙarfi, ko dai notin ya karye a ciki, ko 'yar waldar ta ɓalle macen ta dinga juyawa tare da shi, sai an fasa shasi kafin a kai gare ta. Idan kuma aka kawo wuta, a tazarar tafin hannu akwai lagireto, da bututun iskar sanyaya mota, da wayoyin fitila, a motoci da yawa har da na'urar da ke sanar da jakar iska cewa an yi karo. A bambar baya kuma tankin mai ne ke kusa. Inda sandar alminiyam ce notin kuma ƙarfe, gishiri na haddasa wani farin gari da ke manne su, kuma alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, don haka mai riƙe da wuta ba ya samun gargaɗi.

Hanyar da ta dace da waɗannan motoci a hankali ake binta. A goge zaren da ya leƙo da buroshin waya, a fesa man kwance tsatsa, a bar shi ya jiƙa. A ɗan bubbuga kan notin don tsatsar ta tsage man ya sami hanya. A sa soket mai kusurwa shida da ya zauna cif, ba mai goma sha biyu da ke cin gefe ba, a kuma tuna notin da Bature ya yi wa kai 13, Bajafane 12 yake yi masa. A fara ɗaurewa kaɗan kafin a sassauta, sannan a riƙa kai da komowa, kwata gaba, rabin kwata baya, ana ƙara mai. In ya karye duk da haka, a ɗora wata macen noti a kan guntun a yi mata walda ta tsakiya, bayan an cire batir an kare abin da ke kewaye. Zafin ya tsaya a wuri ɗaya, an kuma sami sabon kai da sifana za ta kama.

Za a ce wannan duk ɓata lokaci ne, mai mota yana tsaye a kai, kuɗin aikin kuma ba ya ƙaruwa don an yi haƙuri. Maganar tana da nauyi, amma lissafin bai cika ba. Jiƙa noti ba ya hana a kama wani aiki, ana iya fesa man tun ana cinikin bambar. Notin da ya karye a cikin shasi kuwa yana buƙatar haƙa da sake yanka zare, aikin sa'o'i da babu mai biya. Za a kuma ce man fesawa ba ya ratsa tsatsar da ta toshe zare gaba ɗaya, kuma akwai gaskiya a nan. WD-40 da kowa ya sani an ƙirƙire shi ne a San Diego a 1953 don korar danshi daga jikin makami mai linzami na Atlas, ba don kwance noti ba, kuma man birkin da wasu ke ɗigawa yana cin fenti. Mai shi kaɗai ba ya aikin, sai an haɗa shi da bugu da kai da komowa. Wuta ma ba a haramta ta ba: bayan an sauke murfin roba an janye wayoyi, tana da wurinta a matsayin mataki na ƙarshe. Akwai ma na'urar da ke zafafa noti da maganaɗisun lantarki ba tare da harshen wuta ba, sai dai tsadarta da rashin tsayayyen lantarki sun sa ba ta yaɗu a garejinmu ba.

Hujjar da ta fi haɗari ita ce cewa bamba ado ce, ko da notuna biyu aka mayar ta zauna. Murfin ne ado. Sandar da ke bayansa an ƙera ta ne ta raba ƙarfin karo zuwa ɓangarori biyu na shasi, kuma notunanta masu tauri ne, da lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Taurin nan da zafi aka ba su a masana'anta, kuma gasa su har su yi ja yana warware shi. Notin da aka gasa, ko wanda tsatsa ta sirantar, bai kamata ya koma jikin mota ba ko da ya fito lafiya, haka ma wanda aka tsinto a gwangwanin gareji ba lamba a kansa. Gaskiya ne kasuwa cike take da notuna marasa inganci, amma a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci ana samun na asali masu lamba da tsatsa ba ta taɓa ba, kuma kuɗinsu bai kai na fitila ɗaya ba. Wanda aka kawo wa mota daga Kwatano ko Legas ya nemi a nuna masa notunan sandar kafin a rufe ta da murfi, domin da zarar an ɗora robar ba mai sake ganinsu.