Bango da Baƙo: Tarihin Zanen Gini a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, watau yau yana nan, gobe ya gushe. Amma duk wanda ya nazarci tarihin zanen bango a ƙasar Hausa zai tarar cewa sau da yawa baƙo kan tafi ya bar sawunsa a jikin gini. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan sawu, sa'an nan ta duba abin da ya rataya a wuyan jami'o'in da ke kusa da Kankiya da Kusada.

2.0 Zanen Magina

Asalin wannan ado aikin magina ne, waɗanda kan fitar da siffofi a jikin ɗanyen yaɓe, su shafe shi da makuba. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). A ƙarni na 20, da siminti da fenti suka samu, sai adon ya yawaita a fuskar zauruka, musamman na attajirai. A 1963 A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa littafi a kan irin waɗannan gidaje na Zariya. Abin lura shi ne, ban da dagi da takobi, magina sun riƙa zana keke da mota da jirgin sama da agogo. Duk waɗannan kuwa baƙin kaya ne, amma bango ya karɓe su har suka zama 'yan gida.

3.0 Baƙin Ɗalibai a Zariya

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, galibinsu 'yan Kudu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane. Aƙidarsu ita ce a gwama fasahar Turawa da ta gargajiya. Shi Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya ɗora aikinsa a kan uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Ashe ke nan fasahar zamani ta Nijeriya tana bin zaman baƙunci bashi.

4.0 Hijira a Ƙasar Katsina

Ƙasar Katsina ba ta jahilci hijira ba. Bayan faɗuwar birnin a hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi. Farin 1973 zuwa 1974 ya koro Buzaye masu yawa zuwa Katsina da Kano. Daga 2019 kuma, ta'asar 'yan bindiga ta tilasta wa dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ƙetarawa jihar Maraɗi, wasu kuma suka fake a garuruwan cikin gida. Kowane ayari ya zo da nasa adon: na fata, na ƙwarya, na tabarma, na jeren ɗaki.

5.0 Kammalawa

Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma maƙwabciyarta ce, don haka ba su rabuwa da matafiya. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Ya kamata manazartansu su haɗa tsofaffin magina da ɗalibai da 'yan gudun hijira, a ba su bangon makaranta ko na asibiti su ƙawata shi tare, kowa da zanen garinsu, a kuma rubuta sunan kowane zane da ma'anarsa. Bulo da kwano suna cinye ginin ƙasa, magina suna ƙarewa, ƙauyukan da aka tasa kuma ba duka za a koma ba. In aka yi jinkiri, sunayen waɗannan zane-zane za su bi masu su kushewa.