Asalin AMG: gareji ne kafin ya zama tambari

1/ Masu liƙa tambarin AMG a bayan Marsandi, ku matso in ba ku tarihi.

2/ Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher injiniyoyin Mercedes ne a Jamus, masu son ƙara wa inji ƙarfi. A 1967 suka buɗe garejinsu, AMG, a wani tsohon gidan niƙa.

3/ Suka faɗaɗa injin 300 SEL daga lita 6.3 zuwa 6.8. A 1971 ƙatuwar motar nan ta zo ta biyu a tseren awa 24 na Spa, Beljiyam.

4/ A 1999 kamfanin da ke ƙera Mercedes ya sayi mafi yawan hannun jarin AMG.

5/ Ni dai a ganina, in za ka kashe kuɗi, fara da inji. Tambari kam ko a kasuwa ana samu.