Damin wayoyin tsohuwar mota: gyara ko canji?

Damin wayoyi shi ne ke raba wutar batir zuwa fitilu, kontak da demarer. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, zafin inji kan busar da robar wayoyin har ta tsage. Ɓeraye ma ba su barinta. Sai ka ji warin ƙuna, ko fizibil ya riƙa ƙonewa. Don Allah kar a maye fizibil da guntun waya, nan gobara ke farawa.

Kafin gyara, a cire wayar mas daga batir. In wuri ɗaya ya lalace, a yanke, a haɗa waya mai kauri ɗaya da dalma. In robar na marmashewa a hannu kuwa, sai sabon dami.