Yadda Jinyar Tamowa Ta Bar Gadon Asibiti Ta Koma Hannun Uwa

A shekarar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya, wasu matasan likitoci Faransawa suka shiga yankin Biyafara ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross, cikinsu har da Bernard Kouchner. Sun zo ɗinkin raunin harsashi, sai suka tarar da yara birjik, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, ƙafafu sun tara ruwa. Da suka koma gida, su da wasu 'yan jarida suka kafa MSF a birnin Paris cikin Disambar 1971, ƙungiyar da gidajen rediyonmu ke kira Likitoci Na-gari Na Kowa.

Kusan shekara talatin ana jinyar tamowa ta hanya ɗaya. A kafa tanti, a kwantar da yaro da uwarsa wajen wata guda, ana dama masa madara ta musamman dare da rana. Madarar tana aiki, sai dai tana buƙatar ruwa mai tsabta, kuma da an dama ta ba ta jimawa take lalacewa, don haka ba a ba uwa ta tafi da ita. To matar da ta baro yara huɗu a gida, ga gona tana jiran noma a tsakiyar damina, yaya za ta yi zaman wata guda? Da yawa sukan goya yaron su sulale, a rubuta a littafi cewa sun gudu. Ni kam ban ga laifinsu ba. Tsarin ne aka gina shi a kan likitan da zai naɗe tantinsa ya tafi, aka manta da wadda za ta zauna.

Sauyi ya zo a 1996, lokacin da likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut: niƙaƙƙiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Ba a dafawa, ba a zuba ruwa. A yage gefen ledar, yaro ya tsotsa da kansa. Likita Steve Collins ya gwada jinya a gida da shi a Habasha, likita Mark Manary kuma a Malawi.

Amma a ƙasar Hausa aka yi babban gwajin. Bayan fari da farin ɗango na 2004, gero ya yi tsadar da talakan Nijar bai iya saye, har a Maraɗi da ake ɗauka rumbun ƙasa. A 2005 MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, mafi yawansu a gidajen iyayensu. Uwa ta zo sau ɗaya a mako, a ɗora yaro a ma'auni, a duba ko yana cin abincin, a ba ta na kwana bakwai ta koma. Gado sai ga wanda jikinsa ya yi tsanani. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance.

A 2008 gwamnatin Shugaba Tandja ta dakatar da reshen MSF na Faransa a Maraɗi. Abin ya yi ciwo, amma ya nuna wa kowa cewa aikin da ya rataya a wuyan baƙo yana iya tsayawa rana ɗaya. Likitocin Nijar na ƙungiyar Forsani suka ci gaba da aiki a Madarunfa. A 2009 aka kafa ƙungiyar agaji ta ALIMA, ta haɗa hannu da ƙungiyar Befen ta 'yan ƙasa a Mirriya, jihar Damagaram. A nan aka yi abin da ya fi burge ni a duk tarihin. Aka miƙa wa iyaye mata 'yar igiyar awon damtse mai launi uku, aka koya musu naɗa ta a hannun yaro: kore lafiya, rawaya a kula, ja a garzaya asibiti. Matan da yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba suka auna daidai da ma'aikatan lafiya na ƙauye, yara kuma suka riƙa isowa kafin ciwo ya ci jikinsu. Abincin ma ana yin sa a Yamai, a kamfanin STA.

Kuɗin ne har yau bai koma hannun 'yan gida ba. UNICEF ce ke sayen mafi yawan abincin tamowa na duniya da gudummawar ƙasashen waje, kuma gwamnatocinmu sun daɗe suna jingina da hakan. Da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, cibiyoyi da dama suka shiga ƙunci. MSF ta ce a wata shidan farko na shekarar, yara sama da 600 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina kaɗai, da yawansu saboda an kawo su a makare.