Ƙarfafa sifar fifiko a nahawun Turanci

Sifar fifiko ita ce wadda ke nuna abin da ya zarce duk 'yan uwansa. A Turanci ana gina ta da ɗafa -est a ƙarshen gajerun sifofi, kamar tallest, ko a sa most a gaban dogaye, kamar most expensive. Wani lokaci mai magana yakan so ya nuna tazarar ba ƙarama ba ce, sai ya ƙara kalmar ƙarfafawa.

Wadda aka fi ji ita ce by far. Idan Bature ya ce Jupiter is by far the largest planet, yana nufin Jupita ta fi sauran duniyoyin da ke zagaya rana girma nesa ba kusa ba, kuma haka ne, domin nauyinta ya ninka na sauran gaba ɗaya kusan sau biyu da rabi. By far na iya zuwa kafin the ko a ƙarshen jimla. Easily da much kuwa kafin the suke zama.

Very ce mai rikita ɗalibai. Bayan the take zuwa: the very best, the very latest. Ba a cewa very the best, kuma ba kasafai take haɗuwa da most ba.

A zamanin marubuci Shakespeare ana haɗa most da -est a sifa guda domin ƙarfafawa. Daidaitaccen Turanci na yau ya ɗauki wannan a matsayin kuskure.