Baƙo da Harshen Masu Gida: Dorugu na Damagaram da Ɗaliban Polan

Tun a shekarar 1952 aka fara koya wa baƙi harshen Polanci a birnin Lodz na ƙasar Polan, a ƙarƙashin jami'ar garin. Ɗalibai da yawa daga Afirka da Asiya sun bi ta wannan ƙofa: sukan shafe kimanin shekara guda suna fama da harshen kafin su shiga karatun likita ko na injiniya. Ga Bahaushe, aikin ba ƙarami ba ne. A Hausa gaɓa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, alhali Polanci yakan tara uku ko huɗu ba wasali a tsakaninsu. Haka kuma suna ɗaya yana da matsayi har bakwai a nahawunsu, ƙarshensa yana sauyawa gwargwadon aikinsa a cikin jimla. Sai dai ɗalibin Lodz yana da malami da aji da ƙamus. Kimanin shekara ɗari kafin buɗe wannan makaranta, wani yaro daga ƙasar Damagaram ya shiga irin wannan gwagwarmaya a Turai ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajejen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance. A wancan zamani Damagaram tana biyan gaisuwa ga Borno, kuma harin bayi ya zama ruwan dare, kamar yadda Baturen Ingila James Richardson ya rubuta bayan zamansa a Zinder a farkon 1851. Yana yaro aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka bi da shi ta Zinder har Kukawa. A can ne Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a gaɓar tafkin Cadi a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega, wani yaro Bamargi, suka koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka sake ratsa Zinder, suka wuce Katsina da Sakkwato, suka isa Tambutu a 1853. A 1855 suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a watan Satumba.

A Ingila ne ya haɗu da James Frederick Schön, wani malamin mishan Bajamushe wanda ya fara koyon Hausa daga bakin ƴantattun bayi a Saliyo, ya shiga ayarin binciken kogin Kwara na 1841, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Schön yana da kalmomi a takarda, amma ba shi da mai magana. Dorugu kuwa yana da magana a baki, amma yana buƙatar harshen masu gida. Sai kowa ya zama malamin ɗan'uwansa. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja, amma Dorugu ya zauna a gidan Schön a yankin Kent har 1864. A nan ya koyi Ingilishi da karatu da rubutun boko, a wurin cin abinci da cikin hirar iyali, yau da gobe, har harshen ya zauna masa.

Abin lura shi ne, sabon harshen bai cinye na gado ba. A daidai lokacin da yake ɗaukar Ingilishi, Dorugu yana zaune yana shibta wa Schön tatsuniyoyi da labarai da tarihin rayuwarsa da Hausa. Ya ba da labarin gonar ubansa da ranar da aka kama shi, ya kuma bayyana biranen Turai da ɗabi'un mutanensu, musamman tsarinsu na zaman cin abinci, da idon baƙo mai lura da raha. Turawa sun daɗe suna siffanta ƙasar Hausa ga ƴan'uwansu. A wannan karon Bahaushe ne ya siffanta Turai da harshensa. Daga wannan zama Schön ya sami ƙarfin fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu ya fito. Schön ya sami lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877 saboda aikinsa kan Hausa. Sunan da ke bangon littattafan nasa ne, amma kaso mai yawa na maganar da ke ciki ta yaron Dambanas ce.

Bayan komowarsa Afirka, Dorugu ya ci abinci da harsunansa, ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Ingilishi tare da sharhi, suka maido da sunansa gaban masu karatu.

Irin wannan musaya ta ci gaba ta wata fuska. Ƙasar da take koya wa ƴan Afirka Polanci a Lodz, ita ce kuma take koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw shekaru da dama. A can Farfesa Stanislaw Pilaszewicz ya yi nazarin rubuce-rubucen ajami na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, ya buga su a 2000, Farfesa Nina Pawlak kuma ta yi rubuce-rubuce kan nahawu da al'adun Hausa. Hausar da ɗalibin Warsaw yake koya a yau, an kafa tubalin nazarinta a Turai ne tun zamanin Schön da Dorugu.

Tarihin Damagaram yakan tsaya ga sarakuna: Tanimun da ganuwarsa da bindigoginsa, Amadu Kuran Daga da zuwan Faransawa a 1899. Sun cancanci ambato. Amma ƙasar ta kuma haifi yaron da aka fitar da shi a matsayin bawa, ya koyi harshen baƙi a gidansu, ya bar wa Hausa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta da boko. Malamin da ke da ɗalibi mai shirin tafiya Polan ko wata ƙasa mai nisa yana da misali na gida da zai ba shi, kuma ba sai ya wuce Kance ba wajen nemansa.