Hanyar Zariya Zuwa Kano da Kwarin Kadawa

Ga mu mazauna Hayin Banki, tashar Kawo ita ce ƙofar gida. Daga nan mota kan wuce Jaji, ta bar Zariya a baya, ta kai Kwanar Dangora, sannan ta gangara kwarin da aka yanke mana cibiya, wato Kadawa da Garun Malam da Kura. 'Ya'yanmu da suka tashi a Kaduna suna zaton tun fil'azal haka kwarin yake, kore shar rani da damina.

A da can fatake ne ke bin wannan hanya da jakunansu tsakanin Kano da Zazzau. Ko bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, noma bai wuce na damina ba, in ban da 'yan fadamun da ake ba ruwa da jigo. Da an kai amfani rumbu, sai samari su tafi cin rani.

Al'amarin ya sauya a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwan kogin Kano ta magudanai zuwa gonaki, aka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir. Amma ruwa ba ya kai kaya kasuwa. Titi ne ya ɗauki wannan nauyi, musamman da aka mayar da shi tagwaye a zamanin Janar Babangida. Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir, inda manyan motoci ke lodin kwanduna su nufi Legas. Garuruwan da samarinsu ke fita cin rani suka koma karɓar 'yan cin rani.

Sai dai a ganina, titin ya fi yi wa mai saye rana fiye da manomi. Tumatir ba ya jiran ciniki. In kaya ya cika kasuwa, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi, wanda ya ƙi kuwa ya zubar a bakin kwalta. An sa rai da masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, amma a shekarar tsutsa ta cinye gonaki, masana'antar ta rasa abin sarrafawa ta tsaya. A 2018 kamfanin Julius Berger ya fara sabunta titin, aka buɗe ɓangaren Zariya zuwa Kano a 2023. Tafiya ta yi sauƙi ƙwarai, tumatir kuwa har yau ɗanye yake barin kwarin, cikin kwando.